Hukuncin CCJ a Ingila: tambayoyi da amsoshi kan bashi, kotu da gyara suna

Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ƙanena a zumunci ya ja ni gefe wajen ajiye takalma, ya miƙo mini wayarsa hannunsa yana rawa. Dillalin gidan haya ne ya rubuto masa cewa ba za su ba shi gidan ba, sun ga hukuncin kotu a kan sunansa. Yaron bai taɓa taka harabar kotu ba. Da muka bi diddigi, sai ga shi tarar ajiye mota ce ta fam 100 a filin wani kanti, tun yana tsohon gidansa a wani gari. Wasiƙu sun yi ta zuwa can, kuɗin lauya da na kotu suka hau kai, abin ya kusa fam 280, aka yanke hukunci ba ya nan.

Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin 'yan uwanmu ba rashin kuɗi ke jefa su ciki ba, wasiƙa ce da ba a buɗe ba ko wadda ta je inda aka riga aka tashi. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini. Duk bayanin na Ingila da Wales ne. Scotland tsarinta daban.

Mene ne CCJ ɗin ma tukuna?

Taƙaitawa ce ta County Court Judgment, wato hukuncin da kotun ƙananan ƙararrakin jama'a ke yankewa cewa lallai wane yana bin ka kaza, ka biya. Banki na iya kai ka, ko kamfanin ruwa, ko na waya, ko mai gidan haya, ko kamfanin da ya sayi tsohon bashinka daga wani. Galibin ƙararrakin ta kwamfuta ake shigar da su ta wata cibiya da ke Northampton, don haka kada ka ga sunan garin a takarda ka ce ai ba ka taɓa zuwa can ba, damfara ce.

Da zarar an yanke, sai a shigar da sunanka, adireshinka, yawan kuɗin da ranar hukuncin cikin rajistar da Registry Trust ke riƙe wa Ma'aikatar Shari'a. Daga nan kamfanoni uku masu tara tarihin bashin mutane, Experian da Equifax da TransUnion, suke kwasa su liƙa a kundinka.

Laifi ne? Za a iya ɗaure ni?

Ba laifi ba ne, 'yan sanda ba su da hannu a ciki, kuma ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan irin wannan bashin. Inda mutum ke jawo wa kansa shi ne kotu ta kira shi ya zo ya bayyana abin da yake samu, ko ta aiko masa fom na albashi, ya yi kunnen ƙashi. A nan raina kotu ya yi, wannan kuwa yana iya kai mutum gidan yari.

Takardar ƙara ta zo, ba a yanke hukunci ba tukuna. Me zan yi?

Nan ne kake da ƙarfi fiye da kowane lokaci, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Tun daga Oktoban 2017, doka ta ce kamfani ya fara aiko maka da wasiƙar gargaɗi, ya ba ka kwana 30 ka amsa kafin ya nufi kotu. In ka yi shiru, sai takardar ƙara ta biyo baya da lambar ƙara da hatimin kotu, haɗe da fom-fom na amsa. Kwana 14 gare ka. Idan ka sanar da kotu cewa ka karɓa kuma kana da ja, wa'adin zai zama kwana 28.

Ka yarda ana bin ka amma ba ka da shi a dunƙule? Cika fom N9A, ka rubuta abin da kake samu da abin da kake kashewa, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata. Sai dai ka sani, ko an yarda ka biya da kaɗan-kaɗan, hukuncin zai shiga rajista. Ba ka yarda ba? Fom N9B ke nan, ka kawo hujjarka: ka riga ka biya, ko kuɗin ba haka yake ba, ko ba kai ba ne. Akwai kuma hujjar daɗewa. Dokar 1980 ta ce yawancin basussuka irin na kati da waya, in shekara 6 ta wuce ba ka biya ko sisi ba, ba ka kuma amsa a rubuce cewa ana bin ka ba, to mai bashin ya makara. Amma alƙali ba zai tono maka wannan ba, kai za ka faɗa.

Mutane na tsoron musantawa, suna ganin in suka faɗi abin zai fi muni. Ko ka faɗi a gaban alƙali, in ka biya duka cikin wata guda sunanka fes zai fita. Shirun ne ba shi da wata riba: kwana 14 na cika mai ƙara zai nemi a yanke a bayan idonka, kuma ba wanda zai duba ko yana da gaskiya.

An riga an yanke. Yaushe zai fita daga sunana?

Dubi ranar da ke kan takardar hukuncin, ba ranar da ta iso hannunka ba. In ka biya kuɗin gaba ɗaya cikin wata guda daga wannan rana, za a goge shi daga rajista kamar ba a yi ba. In ka wuce ko da kwana ɗaya ne, zai zauna shekara 6, sai dai a rubuta a gefensa cewa an biya.

A ganina wannan wata guda ya cancanci a tada kowa. A nan ne za ka cire kunya ka kira yayanka, ko ka roƙi uwar adashi ta ba ka ɗaukar wannan watan. Fam 400 da aka haɗa cikin mako uku na iya ceton shekara 6 na neman gida da mota. Ka biya mai ƙarar ko lauyansa, ba kotu ba, ta hanyar da za ta bar shaida, ka sa lambar ƙarar. Kada ka bari sai ranar ƙarshe. Bayan haka ka tabbatar an sanar da kotu. In kamfanin ya yi nauyin jiki, kai ka aika da shaidar biya. Da fom N443 ake neman takardar shaidar cewa an goge ko an biya, da ɗan kuɗi kaɗan.

Ban san da ƙarar ba sam, sai da na ga hukuncin. Akwai mafita?

Akwai: ka roƙi kotu ta soke hukuncin. Da fom N244 ake yi, kuɗinsa ya haura fam 300, amma mai ƙaramin ƙarfi na iya neman sassauci da fom EX160.

Kada dai a ruɗe ka cewa "ban ga wasiƙa ba" kaɗai ta isa. Doka ta yarda mai ƙara ya aika zuwa adireshin ƙarshe da ya san ka da shi. Sai in yana da dalilin zaton ka tashi, to a nan wajibi ne ya ɗan bincika. Saboda haka alƙali abubuwa uku zai duba. Shin an bi ƙa'ida wajen aiko maka? In ba a bi ba, ko ka riga ka biya kafin a yanke, dole a soke. In an bi, shin kana da hujjar da za ta iya tsayawa, ko wani dalili mai ƙarfi? Sannan, da ka gano, ka yi hanzari ko ka zauna? Wannan na ukun ke kayar da mutane. Wanda ya gano a watan Maris ya zo kotu a Satumba zai sha tambaya.

Ka tara takardunka: yarjejeniyar sabon gida, takardar harajin ƙaramar hukuma, duk saƙon da ka taɓa aika wa kamfanin kana sanar da shi ka tashi. Kafin ka kai kotu, ka tuntuɓi mai ƙarar. Wasu kan yarda a soke da yardar ɓangarori biyu, musamman in za ka biya su, kuma kuɗin kotu ya fi sauƙi ta wannan hanyar, ko da yake alƙali ne mai magana ta ƙarshe. Haka muka yi da ƙanen nan nawa. Ka kuma riƙe cewa soke hukunci ba yafe bashi ba ne. Ƙarar ce ke komawa farko, a saurare ka.

Ga masu mota: sauya adireshi a lasisin tuƙi ba ya sauya na takardar mallakar mota, wato V5C. Kamfanonin fakin daga hukumar rajistar motoci, DVLA, suke karɓar adireshin da ke kan V5C. Ranar da ka kwashe kaya, ka gyara duka biyun.

An ce in biya fam 200 duk wata, ba zan iya ba.

Kada ka daina biya ka yi shiru. In kotu ce ta ƙayyade adadin ba tare da zama ba, kana da kwana 14 ka nemi a sake dubawa kyauta. In lokacin ya wuce, ko halinka ya sauya, da fom N245 za ka nemi a rage. Ka rubuta gaskiyar abin da ke shiga da fita. Kotu na karɓar ɗan ƙaramin adadi in shi ne iyakar ƙarfin mutum, kuma muddin kana cika abin da aka yanka maka, ba a turo maka masu ƙwace kaya.

In na ƙi biya fa? Ai an ce bayan shekara 6 zai fita ko an biya ko ba a biya ba.

Gaskiya ne zai fita daga rajista. Bashin dai yana nan, illa mai shi sai ya nemi izinin kotu kafin ya turo masu ƙwace kaya a kan hukuncin da ya haura shekara 6. Kafin nan kuwa yana da hanyoyi: a sa wurin aikinka ya riƙa yanka daga albashi, a riƙe kuɗin da ke asusunka, a ɗora bashin a kan gidanka in kana da shi, ko a turo belif, ma'aikatan ƙwace kaya, waɗanda kuɗin aikinsu ma a kanka zai hau. Wasu hukunce-hukuncen na fam 5,000 zuwa sama har ruwa suke tarawa, kashi 8 cikin ɗari a shekara.

Ban da wannan, duk wanda ya duba kundinka yana bambance hukuncin da aka biya da wanda aka yi watsi da shi. Ni kuma ina ƙarawa da cewa haƙƙi ne. Wanda ba shi da hali, a yi masa uzuri har ya samu. Wanda yake da shi yana jan ƙafa yana ƙirga shekaru, ya san matsayin hakan a wurin Allah, ba sai na faɗa masa ba.

Belif sun ƙwanƙwasa ƙofa. Dole in buɗe?

A'a. A kan bashin CCJ ba su da ikon fasa ƙofar gidan kwana a zuwan farko, amma in sun tarar da ita a buɗe za su iya shiga. Ba sa zuwa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 6 na safe, ba sa shiga in yara 'yan ƙasa da shekara 16 ne kaɗai a gida. Ba sa ɗaukar tufafi, murhu, firji, ko kayan sana'ar da kuɗinsu bai wuce fam 1,350 ba, haka kayan wani. Mota a waje ita ce suka fi kai wa hannu. Yi magana da su ta bayan ƙofa, ka nemi shaidarsu, ka kira masu ba da shawara a ranar. Ka gaya wa uwargida da yara wannan tun kafin ranar ta zo, don tarbiyyarmu ta buɗe wa baƙo ƙofa ce.

Zai shafi bizata ko neman zama ɗan ƙasa?

CCJ shi kaɗai ba ya soke biza. Wajen neman zama ɗan ƙasa ana duba halin mutum, har da yadda yake riƙe al'amuran kuɗinsa, kuma wanda ke biyan bashinsa bisa yarjejeniya ba ɗaya yake da wanda ya tara da gangan ya gudu ba. In fom ya tambaya, ka faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɓoyewar ta fi hukuncin illa. Bashin asibitin gwamnati, NHS, shi daban ne: in ya kai fam 500 ana iya hana biza a kansa. Wannan fannin, ka ga lauyan shige da fice mai rajista.

Matata ko abokan zamana za su shafu?

Ba a yi wa gida baƙin fenti, mutum ake yi wa. Aure kansa ba ya haɗa kundinku. Abin da ke haɗawa shi ne asusun haɗin gwiwa ko bashin da kuka ci tare. In kun rabu kun rufe asusun, ka rubuta wa kamfanonin uku su raba sunayenku.

A nan zan ja kunne kan wata ɗabi'a tamu: ɗan uwa ya zo sabo, ka karɓar masa waya ko mota da sunanka, ko ka tsaya masa a gidan haya. Taimako ne mai kyau, amma in ya daina biya, kai kotu ta sani. Ka tsaya wa abin da za ka iya biya da kanka in ta ɓaci.

Ta yaya zan ga abin da aka rubuta a kaina?

Haƙƙinka ne ka ga kundinka kyauta a wurin kowane ɗaya daga kamfanonin uku, kuma ka duba duka, don ba kullum suke riƙe da abu ɗaya ba. Manhajar ClearScore na nuna na Equifax, Credit Karma na nuna na TransUnion. Duba naka da kanka ba ya rage makin da masu ba da bashi ke auna ka da shi. Rajistar kotun kuma ana bincikenta a shafin TrustOnline da 'yan fam kaɗan. A nan za ka ga lambar ƙara da kotun da za ka kira ta gaya maka wanda ya kai ka. Ka sa tsofaffin adireshinka ma.

In ka ga kuskure, ka kai ƙorafi, suna da kwana 28 su amsa. Kana kuma iya liƙa bayanin da bai wuce kalma 200 ba a kundin, misali cewa rashin lafiya ce ta kwantar da kai a lokacin.

To yaya ake gyara suna bayan haka?

Ba abin da ke gajarta shekara 6 ɗin, amma nauyin hukuncin yana raguwa da tsufansa. Mai ba da bashi ya fi kallon shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Aikinka shi ne ka cika wannan tsakanin da watanni masu tsabta.

Fara da rajistar masu zaɓe, don da ita ake tabbatar da kai wane ne da inda kake. Da yawa ba su san cewa ɗan Najeriya, Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana da damar shiga ba, saboda ƙasashen na cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. 'Yan Nijar, Chadi da Sudan ba su da wannan damar a Ingila sai sun zama 'yan ƙasa. Su sai su tabbatar adireshinsu iri ɗaya ne a banki da kowace takarda.

Sai biya a kan lokaci. Ka sa kuɗin waya, wuta da intanet su riƙa fita da kansu daga asusu kwana ɗaya ko biyu bayan albashi. In an hana ka asusu na yau da kullum, manyan bankuna na da asusun farko mara caji wanda ba a cin bashi da shi. Kuɗin haya, wanda shi ne mafi girman abin da kake biya, ba ya shiga kundi da kansa, sai ka bi ta irin su CreditLadder ko Canopy su riƙa kai rahoto. Adashi kuwa, ko ka shekara 10 kana zubi ba fashi, ba mai gani.

Kada ka yi ta neman bashi nan da can. Kowane cikakken bincike na barin sawu kusan shekara guda, kuma sawu da yawa a jere alamar matsuwa ce. Yi amfani da manhajojin da ke gwada maka ko za a ba ka ba tare da barin sawu ba. Ka nisanci masu bashin kafin albashi.

Ba na son riba. Dole sai da katin bashi?

Ba dole ba ne. Katin da ake ba masu raunin kundi ruwansa yana da yawa ƙwarai, sai dai wanda ke sayen ɗan man mota da shi ya biya duka kafin wa'adi ba ya biyan ko kwabo na ruwa. Malamai sun saɓa: wasu sun hana saboda sharaɗin ribar na cikin yarjejeniyar, wasu sun yi sauƙi ga wanda ya tabbata zai biya a kan lokaci. Tambayi malamin da ka yarda da shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, layin waya na wata-wata, kuɗin wuta da rahoton haya za su yi aikin, a hankali dai. Kada ka ce ai kai bankin Musulunci za ka je: irin su Gatehouse su ma suna duba wannan kundin kafin su shiga sayen gida da mutum.

Wani kamfani ya ce zai goge mini CCJ in na biya shi.

Hanyoyin gogewa uku ne kacal: biya cikin wata guda, sokewar kotu, ko cikar shekara 6. Duk abin da zai yi maka na halas, fom N244 ne da za ka iya cikawa da taimakon kyauta. Wanda ya ce ka rubuta wa kotu cewa ba ka ga takarda ba alhali ka gani, yana tura ka ga laifi na gaske, kai ne kuma ka sa hannu.

Ba wannan kaɗai ake bi na ba, basussukan sun yi mini yawa.

To ka daina fama kai kaɗai. StepChange, National Debtline da Citizens Advice duk kyauta suke ba da shawara, kuma sirrinka a rufe. Tun Mayun 2021 akwai shirin Breathing Space, wanda ke dakatar da ruwa, caji da masu ƙwace kaya na kwana 60 yayin da ake tsara maka mafita. Ta hannun mai ba da shawara ake shiga. Mai ƙaramin ƙarfi da bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, wanda abin da ke rage masa a wata bai haura fam 75 ba, yana iya dacewa da shirin DRO, inda ake yafe bashin bayan shekara guda in halinsa bai sauya ba, kuma tun Afrilun 2024 an cire kuɗin shiga. Shi ma yana zama a kundi shekara 6, don haka a auna kafin a shiga. Kamfanonin da ke talla a Facebook suna cewa za a yafe maka kaso kaza, galibi shirin IVA, wata yarjejeniyar biya tsakaninka da masu bin ka, suke turawa don suna da kamasho a ciki. Ka ji ta bakin masu kyautar tukuna.

In na koma gida, zai bi ni?

Kundin Ingila ba ya haɗe da na Najeriya, inda kamfanonin tara tarihin bashi CRC, FirstCentral da CreditRegistry ke aiki ƙarƙashin dokar 2017, kamar yadda kyakkyawan sunanka na can bai biyo ka nan ba. Amma tafiya ba ta kashe bashi. Ana iya yanke hukunci a adireshinka na ƙarshe kana Kano, ka dawo bayan shekara 3 don karatu ko aiki ka tarar da shi yana jiranka. Kafin ka hau jirgi, ka rufe asusun wuta, ruwa, waya da intanet a rubuce, ka ɗauki hoton mita a ranar tashi, ka ba kowane kamfani imel ɗin da kake dubawa, sannan ka biya gidan waya, Royal Mail, ta riƙa juya wasiƙunka zuwa gidan wani amintacce na wasu watanni, ka ba shi izinin buɗe duk ambulan da ya zo da sunanka.